Ta ina mawaƙi zai fara gina shafin karɓar imel a WordPress?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne a Zariya, ina waƙoƙin soyayya da na biki, shekara shida ke nan. A watan jiya wasu suka yi min kutse a babban shafina na sada zumunta, suka canza masa suna, mabiyan da na daɗe ina tarawa duk suka tafi a dare ɗaya. Wani abokina ya ce in buɗe shafi a bulog ɗina na WordPress in riƙa karɓar adireshin imel na masoya. Bulog ɗin tun bara na buɗe shi, ba komai a ciki sai hotuna. Ta ina zan fara? Kuma anya mutanenmu suna duba imel kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya mayar da alheri. Shawarar abokinka mai kyau ce. Mabiyan da ke kan dandalin wani kamfani, zaman haya kake yi da su, kuma ba kutse kaɗai ke raba mutum da su ba. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, wata bakwai cur. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. Jerin imel kuwa fayil ne da za ka sauke, ka ajiye a filas ɗinka, ka ɗauke shi daga wannan kamfani zuwa wancan duk ranar da ka ga dama.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce za ta hana ka ɓacin rai nan gaba. Kusan duk mai wayar Android yana da adireshin Gmail, tunda Play Store ba ya buɗuwa sai da asusun Google. Amma da yawa mai shagon da ya sayar musu da wayar ne ya buɗe musu, ba su san lambar sirrin ba, wasu ko adireshin ba za su iya faɗa maka da ka ba. Don haka kada ka sa ran jerinka zai kai yawan mabiyan da ka rasa, ba zai kai ko kusa ba. Sai dai ka duba su wa suke buɗe imel a kai a kai: ɗaliban jami'a, ma'aikatan ofis, 'yan jarida, masu shirya taro da biki, masu gabatar da shiri a rediyo, da Hausawan da ke zaune a Jidda ko Akara ko Landan. A cikinsu ake samun mai gayyatarka wasa da mai sayen tikiti. Mutum ɗari uku irin waɗannan sun fi maka dubu goma masu danna alamar so su wuce.

Kafin ka taɓa komai, gano wane WordPress ne a hannunka, domin iri biyu ne kuma nan mutane suka fi rikicewa. Idan adireshin bulog ɗinka ya ƙare da wordpress.com, kana kan tsarin kyauta na kamfanin ne, wanda ba ya barin ka saka fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi don ya yi wani aiki na musamman. Idan kuwa ka sayi sunanka na kanka, kamar mai ƙarewa da .com ko .com.ng, kana kuma biyan kuɗin ma'ajiya duk shekara, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe maka shafin a intanet, to ƙofa a buɗe take, kome kake so za ka iya sakawa. Mai tsarin kyauta ma bai rasa mafita ba, zan zo kansa.

Abu na gaba shi ne wanda zai riƙe maka adireshin ya kuma aika saƙonnin. Kada ka ɗora wa WordPress wannan aiki. Saƙon da ya fita kai tsaye daga ma'ajiyar da kake rabawa da ɗaruruwan shafuka yakan faɗa akwatin Spam, inda ake jefa saƙonnin da ba a so. Kada kuma ka ce za ka riƙa tura wa kowa daga Gmail ɗinka: asusun kyauta yana tsayawa a mutum 500 a rana, kuma ranar da ka yi kuskure ka jera adireshin a fili, kowa ya ga na kowa. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Mailchimp, MailerLite, Brevo da Kit. Suna da tsarin farawa na kyauta, amma iyakar mutanen da suke yarda ka tara a kyauta tana canzawa, saboda haka karanta sharaɗin ranar da za ka yi rajista. Kowanne ka zaɓa zai ishe ka a shekarar farko. Mafitar mai WordPress na kyauta ita ce ya gina shafin a wajen kamfanin imel ɗin, tunda suna ba da wannan dama, sannan ya sa mahaɗinsa, wato link ɗinsa, a bulog.

To, ga shafin kansa. Ka ɗauke shi kamar zaure mai ƙofa ɗaya. Baƙo ya shigo, ya ga abu guda, ya yi abu guda. Kuskuren da na fi gani wajen mawaƙa shi ne su cika shafin da tarihin rayuwa tun daga firamare, hotuna ashirin, mahaɗin YouTube, na Audiomack, na TikTok, sannan can ƙasa a kusurwa a ga ɗan akwati an rubuta a yi rajista. Kowane mahaɗi ƙofar fita ce. Wanda ya danna YouTube ya tafi ke nan, bidiyon wani mawaƙin zai biyo bayan naka.

A WordPress ka shiga Pages, ba Posts ba, ka buɗe sabon shafi. Ka ba shi gajeren adireshi wanda za a iya faɗa a lasifika, kamar sunanka.com/masoya, kuma ban da ƙ da ɗ da ɓ a cikin adireshin, don ba kowace waya ke da su a allon rubutu ba. A gefen dama akwai wurin zaɓar samfurin shafi. Nemi wanda ba shi da kai da ƙafa, wato babu jerin maɓallan sama da tarkacen ƙasa. Idan rigar da ka sa wa bulog ɗinka, wato Theme, ba ta da irinsa, fulogin ɗin Elementor yana da samfuri mai suna Canvas wanda ke ba ka farar takarda. Daga nan sai ka koma wajen kamfanin imel, ka ƙirƙiri fom, su ba ka 'yan layukan HTML, ka manna su a bulok ɗin Custom HTML. Mai amfani da Mailchimp zai iya sauƙaƙa wa kansa da fulogin ɗin MC4WP.

Abin da ya kamata a gani a wayar mutum kafin ya ja allo ƙasa bai wuce huɗu ba: hotonka ɗaya, alkawari, akwatin rubuta imel, da maɓalli. Da ni ne, haka zan rubuta:

"Sabuwar waƙata za ta fita ranar Juma'a. Saka imel ɗinka ka ji ta tun Laraba."

A kan maɓallin kuma in sa "Turo min waƙar". A ƙarƙashi, da ƙananan haruffa: "Saƙo biyu a wata, ba ƙari. Ranar da ka gaji, dannawa ɗaya ce ka fita." Ka lura ban ce "yi rajista don samun labarai" ba. Babu wanda ya tashi da safe yana marmarin labaran mawaƙi. Fom ɗin ma kada ya wuce suna da imel. Idan kana son lambar WhatsApp, kuma ina ganin ya dace ka so ta a wajenmu, sa ta a matsayin ganin dama. Garin da mutum yake yana da amfani ranar da za ka yi wasa a Kaduna ko Maraɗi, amma ka bari sai ya shigo tukuna ka tambaye shi a saƙo.

Hoton ka matse shi ya dawo ƙasa da KB 200. Wanda mai ɗaukar hoto ya turo maka kai tsaye yakan kai MB biyar ko fiye, kuma mai lallaɓa datar naira ɗari biyu a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ba zai jira ya buɗe ba. Kada ka sa waƙa mai tashi da kanta. Wani a aji yake, wani a ofis, wani a gaban surukinsa.

Alkawarin shi ne inda aikin yake, kuma a nan ne shawarar da ake ba mawaƙan Amurka ba ta zauna mana daidai ba. Su akan ce musu su ba da waƙa ɗaya kyauta. Mu kuwa waƙa tana fita da safe, kafin la'asar tana hannun masu tura waƙa a kasuwa, tana yawo ta Xender daga waya zuwa waya. Abin da mutum zai samu a bakin tasha ba zai sa ya ba ka imel ba. Ka ba shi abin da babu a can: jin waƙa kwana biyu kafin kowa, rubutattun baitoci ga masu son haddacewa, kiɗan zalla ba murya don masu son rera tasu a kai, ko ɗan bidiyon sutudiyo inda ka yi tuntuɓen baiti aka fashe da dariya. Wanda na fi so shi ne ambato. Mun gaji jinjina wa mutane a waƙa tun daga makaɗan fada, kuma har gobe Bahaushe yana son jin sunansa a bakin mawaƙi. Ka ce duk waƙar da za ka fitar za ka zaɓi mutum uku daga jerin ka ambace su, sannan ka cika alkawari. Sai dai in kiɗan na wani ne, ko wani ne ya biya kuɗin sutudiyo, nemi yardarsa kafin ka raba.

Kada ka liƙa waƙar a jikin saƙo. Ɗora ta a Google Drive ko a bulog ɗinka, ka tura mahaɗi. MP3 na minti huɗu a ingancin 128 bai fi MB huɗu ba, a 320 kuwa ya kusa goma, don haka ka ba da ƙaramin a gaba.

Akwai wani saiti da zan roƙe ka ka kunna ko da zai rage maka adadi, wato tabbatarwa sau biyu. Mutum ya saka imel, sai a tura masa saƙo ya danna ya tabbatar shi ne, sannan ya shiga jeri. Duk wanda ya taɓa duba irin wannan jeri ya ga gamil.com da gmail.con da sauransu. Adireshin da ba ya aiki yana ɓata maka suna wajen Gmail, har saƙonka ya daina isa ga masu adireshi na gaskiya. Amma saitin yana buƙatar shafi na biyu, na godiya, wanda mutum zai faɗa bayan ya danna maɓalli. Rubuta masa ƙarara: buɗe manhajar Gmail yanzu, nemi saƙo daga wane, in ba ka gani ba duba Promotions ko Spam. Ka sa hoton allon waya da kibiya. Saƙon tabbatarwar ma da Turanci yake zuwa, ka shiga saiti ka mayar da shi Hausa.

Idan kana da sunanka na kanka, aika saƙonni daga adireshin da ke ɗauke da shi, ba daga Gmail ba. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa, suna neman shaidar cewa mai aikawa shi ne mai sunan. Kamfanin imel zai ba ka wasu layuka da ake kira SPF da DKIM, ka kwafa ka manna a saitin DNS, wato saitin da ke kula da sunan shafinka, a wajen da ka sayi sunan. Aikin minti goma ne in ka bi umarninsu, in ya gagara masu ma'ajiyarka za su yi maka.

Ta fuskar doka, Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma adireshin imel da lambar waya suna cikin abin da ta kare. A aikace ma'anarta ita ce ka faɗa wa mutum me za ka yi da adireshinsa, kada ka saka wanda bai nema ba, kada ka sayar ko ka ba wa ɗan siyasar da ya ɗauki nauyin wasanka. Kamfanonin imel kuma sukan nemi adireshin gida ko ofis wanda zai fito a ƙasan kowane saƙo. Sa na sutudiyo ko akwatin gidan waya, kada ka sa na gidan da iyalinka suke.

Shafi ba ya kiran mutane da kansa. Sa mahaɗinsa a bayanin kanka na kowane dandali, da layin farko na bayanin kowane bidiyo, da sitatus. A wajen biki ka buga lambar QR a jikin bana, ka sa sanƙira ya faɗi adireshin sau biyu. Kafin duk wannan, ari wayar ƙaninka, mafi arha a gidan, ka kashe Wi-Fi, ka yi rajista da kanka tun daga farko har waƙar ta sauka. Inda ka ji ka ƙosa, nan ne za ka gyara. Daga nan duk ƙarshen wata ka shiga wajen kamfanin imel ka sauke jerin a fayil ɗin CSV, kwafi ɗaya a filas, ɗaya a kwamfuta. Sabon shafin sada zumuntar da za ka buɗe da asusun imel ɗin kuma, duka ka kunna musu tabbaci mai mataki biyu tun yau, wato bayan lambar sirri sai an ƙara wata shaida ta biyu kafin a shiga.