Faifai mai nauyin giram 180 ya fi siriri daɗin sauti ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai na gaji garmaho da faya-fayai a wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, yawanci na kamfanonin EMI da Decca ne da suka fita a Najeriya shekarun 1970, wasu sirara ne har ɗan lanƙwashewa suke in ka ɗaga su. To ƙanena da ke karatu a Ingila zai dawo hutu na ce ya taho min da sababbi, sai yake ce min akwai masu sitika an rubuta 180g wai sun fi sauti amma kuma sun fi tsada. Dan Allah gaskiya ne ko talla ce kawai?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. A taƙaice dai nauyi shi kaɗai ba ya ƙara wa faifai daɗin sauti, amma bari in bi da kai yadda ake yin faifan, don in ka ga wannan ba wanda zai ƙara ruɗa ka da sitika.

Sautin da kake ji yana cikin siririyar tsagar nan ce da ta zagaye faifan tun daga baki har kusa da tsakiya, allura tana bin ta tana girgiza, wannan girgizar ce ke zama waƙa a sifika. Ita kuwa tsagar ba a masana'antar buga faifai ake yanke ta ba. Injiniya ne ke zama da injin yanka ya zana ta a kan wani faifan alminiyam da aka shafe da fenti mai laushi, daga nan a ɗauki hotonsa da ƙarfen nikel a fitar da hatimi guda biyu, na gaba da na baya. Sai a kawo curin robar PVC mai zafi, dangin wacce ake bututun ruwa da ita, a sa tsakanin hatiman a matse. To ka gani, ko curin giram 120 aka sa ko na 180, hatimin ɗaya ne, tsagar da zai bari ɗaya ce, kamar dai sunan kamfani da ake dannawa a jikin sabulu, kaurin sabulun ba ya canza rubutun. Masu cewa wai mai nauyi tsagarsa ta fi zurfi ba haka ba ne, zurfinta gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, alhali faifai mafi siranta ma ya haura rabin milimita, wato wuri ya ishe ta ko ina.

To me ya sa mutane suka yarda da maganar haka? Akwai dalili, ba wai sun ƙirƙira ba ne. A 1969 kamfanin RCA na Amurka ya fito da wani faifai mai suna Dynaflex, nauyinsa wajen giram 90 kacal, lagwai-lagwai da shi, masu saye suka tsane shi har suna masa laƙabi da Dynawarp saboda yawan karkacewa. Ana cikin haka sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, ita kuma PVC daga mai ake samunta, ta yi tsada ta yi wuya, kamfanoni suka shiga rage roba, wasu kuma suka koma niƙa faya-fayan da suka yi kwantai suna sake narkar da su, wani lokaci har da ɓurɓushin takardar tsakiya a ciki. Irin wannan robar ce ke kawo ƙas-ƙas da shuuu ɗin nan a bayan waƙa. Da yake siranta da gurɓatacciyar roba sun zo lokaci guda sai mutane suka ɗora wa siranta laifi, alhali robar ce mai laifin. Har yau akwai masu tara faifai da za su ce maka Dynaflex ɗin da aka adana da kyau shiru yake ba hayaniya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kamfanonin da suka fara yin masu nauyi su ne masu kashe kuɗi a kan komai. Mobile Fidelity misali, a farkon shekarun 1980 ta fitar da wasu masu giram 200 da kamfanin JVC ya buga mata a Japan da sabuwar roba tsantsa, daga tef na asali, wato wanda aka fara ajiye kammalalliyar waƙar a kansa a situdiyo. Dole su yi daɗi mana, amma tef ɗin da robar da injiniyan ne suka yi aikin, nauyin rakiya ya yi. Daga baya da kasuwar faifai ta farfaɗo, har a 2022 adadin faya-fayan da aka sayar a Amurka ya wuce na CD karon farko tun 1987, sai kowa ya gane cewa sitikar 180g tana sayar da kaya, yanzu za ka ga an ɗauko waƙa daga CD ko wani fayil na kwamfuta an yanka a gaggauce an buga a roba mai kauri an ƙara kuɗi, shi kenan.

Wani abin dariya ma, ita Mobile Fidelity ɗin a 2022 ta amsa cewa ta daɗe tana bi da sautin ta na'urar dijital kafin ta yanka da yawa daga faya-fayanta, alhali masu saye sun ɗauka daga tef kai tsaye ake yi, maganar har kotu ta kai aka yi sulhu. Shekaru mutane masu tutiya da kunne suna yabon faya-fayan ba su ji komai ba sai da aka faɗa musu. Ni dai tun daga nan in mutum ya ce min yana jin bambancin nauyi da kunnensa sai in ce to madalla.

Ban ce nauyi ba shi da amfani sam ba fa. Mai kauri ya fi daɗin riƙewa, yana zama daram a kan garmaho, kuma ya ɗan fi jure karkacewa in an yi shi da kyau. In an yi shi da kyau na ce, domin roba mai kauri ta fi daɗewa kafin ta huce a cikin injin, in masana'anta tana sauri ta cire shi da ɗumi sai ya fito a karkace tun daga leda, wani kuma robar ba ta cika tsagar ba sai ka ji wani sauti kamar ana yage ƙyalle a tsakiyar waƙa. Sannan kaurin yana ɗan ɗaga allura sama ya canza kwanciyarta kaɗan, masu garmaho na miliyoyi suna gyara tsayin hannun saboda haka, kai da ni ba sai mun damu ba.

Abin da za ka ce wa ƙanenka ya duba shi ne daga ina aka ɗauko sautin, in daga tef na asali ne galibi suna rubutawa a kwali don abin alfahari ne a wajensu. Ya duba wa ya yanka, ana samun lambobi da ɗan sa hannun injiniya a filin nan mai santsi kusa da takardar tsakiya, in ya sa su a shafin Discogs, wato shafin intanet na masu tara faifai, zai ga wane bugu ne da abin da mutane ke cewa a kansa. Ya kuma lura da tsawon kowane gefe, in an cusa fiye da minti 22 ko makamancin haka a gefe ɗaya dole a matse tsaga a rage ƙara da sautin ƙasa mai kauri, wato bes, shi ya sa albam ɗin da aka raba faifai biyu mai gudun zagaye 45 a minti yakan fi na gudun 33 tsabta. Masu hoto a jiki kuwa ya bar su, na ado ne, sun fi kowanne hayaniya. In duka biyu bugu ɗaya ne sai nauyi kawai ya bambanta, ya ɗauki mai araha, akwatinsa ma zai fi sauƙi a filin jirgi.

Kuma gaskiya Malam kafin ka kashe fam ɗin Ingila a kan sababbi, fara da allurarka. Garmahon da ya kai wannan shekarun in ba a taɓa canza masa allura ba to ta cinye, allurar daimon galibi awa 500 zuwa 1000 take yi, in ta dakushe kankare tsagar take yi ba gyara kuma. Ka ce ya haɗo maka da sabuwa da buroshin share faifai da sababbin rigunan ciki, ka kuma sa a duba nauyin da hannun yake dannawa, yawancin na zamani giram 2 ne ko kusa da haka, kar ka yarda da dabarar ɗora kwabo a kan hannu don ya daina tsalle.

Na Baba kuma ka riƙe su da kyau, da yawa daga irinsu ba a sake bugawa ba kuma masu tarawa a Turai da Japan suna neman bugun Najeriya na wancan lokacin ido rufe. Ka jera su a tsaye ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kar a bar su a but ɗin mota ko na awa ɗaya a watan Afrilu don zafin nan namu ko mai giram 200 ne zai lanƙwasa shi. Lokacin hunturu kuma ƙura da bushewar iska suna sa faifai ya riƙa jan datti, ka share kafin ka kunna ka mayar riga da ka gama, in wanki ya kama ka yi da ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen tsagar, ban da ruwan rijiya ban da omo.