Yadda narkewar ƙanƙara ta dawo da sanyi

Malam, ka tambaya: tunda ɗumi ne ke narkar da ƙanƙara, ta yaya ruwanta zai sake jawo sanyi? Amsar tana cikin gishirin teku.

A Tekun Atalantika akwai igiyar ruwa mai ɗauko ɗumi daga yankuna masu zafi zuwa arewa, har gaɓar Turai. Idan ruwan ya isa wajen Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara da ke can arewa, sai ya huce, ga kuma gishiri, sai ya yi nauyi ya nutse, ya koma kudu ta ƙarƙashi. Nutsewar nan ce ke janyo wani ruwan ɗumin ya biyo baya. Shi kuwa ruwan ƙanƙara babu gishiri a cikinsa. Idan ya malalo da yawa sai ya kwanta a saman teku kamar manja a kan miya, nutsewar ta ragu, ɗumi ya daina isowa.

Masana da yawa suna ganin haka aka yi kimanin shekara 12,900 da suka wuce, lokacin da Tafkin Agassiz, wani ƙaton tafkin ruwan ƙanƙara a Arewacin Amurka wanda ƙanƙarar Kanada ta tare, ya ɓalle ya kwarara cikin teku. Turai ta koma cikin tsananin sanyi na wajen shekara 1,200. Wannan zamanin ake kira Younger Dryas.

Abin da ya fi taɓa ni, mu ma bai ƙyale mu ba. Damina ta ja da baya zuwa kudu, Afirka ta Yamma ta bushe, tafkuna suka janye. Sai bayan igiyar ta farfaɗo ruwan sama ya dawo da ƙarfi, har Tafkin Chadi ya tumbatsa, Sahara ta yi ciyawa.