Amsa ga jikana a kan molo da mutanen Fir'auna

Jikana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin damuwa ta biyo baya. Ka ce ka ga hoton matan Misira na dā riƙe da abin kiɗa mai kama da molo, kana tambaya ko molon namu gadon Fir'auna ne, don ka hana a kaɗa shi a bikinka.

Lokacin da nake ɗalibi a jami'ar Azhar da ke birnin Alƙahira, wani abokina ɗan Sudan ya ja ni gidan adana kayan tarihi na dandalin Tahrir, ina ta jan ƙafa domin ba na son kallon gawarwaki. A cikin wani akwatin gilashi na yi kiciɓis da shi: dogon wuya, ƙoƙon katako rufe da fata, tsirkiya uku, ga abin kaɗawa ɗaure da zare. Na wani mawaƙi ne mai suna Harmose, wanda aka binne kusa da kabarin Senenmut, babban na hannun daman Sarauniya Hatshepsut, kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Na daɗe a tsaye har mai gadi ya fara harara ta, domin ba Misira nake gani ba, wani makaho nake gani da ke zama a ƙofar gidanmu bayan la'asar yana kaɗa molo, mahaifiyata tana aiko masa da fura.

Su kansu mutanen Fir'auna aro suka yi, domin daga wajen ƙasar da ake kira Iraƙi a yau irin wannan ya fito, ya shigo musu wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Nasu na asali mai siffar baka ne da tsirkiya da yawa, wanda ya riga shi da kusan shekara dubu.

Da na dawo ina ɗokin ba mahaifina labari, bai ko ɗago kai daga buzunsa ba ya ce kama da wane ba ta wane, kuma mutanen Fir'auna sun ci gurasa, ba wanda ya daina ci saboda su.

Abin da ya dame ni shi ne, da zan tambaye ka bambancin molo da garaya da gurmi, sai ka duba waya. Hukuncin kiɗa kuwa malaminka za ka tambaya. Amma ka zo kafin bikin in kai ka wurin jikan makahon nan, yana nan da molon kakansa rataye a zaure.