Kifi mai siffar maciji ya ƙi ci, gansakuka ta rufe gilashi: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani kifi mai kama da maciji a shagon kifin ado, tsawonsa kamar biro. Baƙi-baƙi ne, da jajayen layuka a gefe da ɗan dogon hanci. Na sa shi a akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, na shimfiɗa tsakuwa, na ajiye dab da taga. Ba ya taɓa abincin gwangwanin da nake barbaɗa masa, kullum a ɓoye yake, ga gansakuka ta fara rufe gilashin. Mai shago ya ce in sayi maganin gansakuka ko in ƙara kifin da ke lasar gilashi. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Gansakukar nan alama ce kawai, ainihin matsalar tana ga girman akwatin da abincin da ke ruɓewa a ƙasansa.

Bisa kwatancenka, kifin da ke hannunka shi ne Mastacembelus erythrotaenia, ɗan kogunan Kudu maso Gabashin Asiya, irin su Tailan, Malesiya da Indunusiya. A kogi yana kai mita ɗaya, a akwati kuma yakan kai santimita 50 zuwa 60. Wato nan gaba tsawonsa zai yi daidai da tsawon akwatinka, ko juyawa ba zai iya yi cikin sakewa ba. In ka ninka 60 da 30 da 35 ka raba da 1,000, za ka ga ruwan bai wuce lita 63 ba, alhali babbansa yana son akwati mai tsawon santimita 150 zuwa 180, ruwa lita 450 ko fiye. Kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka teburin falo ba zai ɗauka ba, sai an ƙera masa mazaunin ƙarfe. Maganar da ake yaɗawa cewa kifi yana tsayawa daidai girman akwatinsa, kada ka saurare ta. Tsumburewa yake yi saboda gurɓataccen ruwa, ya mutu da wuri.

In ba ka da halin babban akwati nan da 'yan watanni, gara ka mayar da shi ka karɓi ɗan'uwansa ƙarami, Macrognathus siamensis. Shi launinsa ruwan ƙasa ne, da ɗige-ɗige masu kama da idon gashin ɗawisu wajen wutsiya, ba ya wuce santimita 30, kuma akwati mai tsawon santimita 90 ya ishe shi.

Tsakuwar nan ma a kwashe ta yau. Wannan kifi binne kansa yake yi, ya bar ɗan hancinsa kaɗai a waje yana shinshina ruwa. Ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, tsakuwa mai kaifi tana kurje shi, kurjin kuma ya zama gyambo mai wuyar warkewa. Ka samo yashi mai laushi, ka wanke har ruwan ya fito garau, ka shimfiɗa kaurin santimita biyar. Ka jefa masa guntun bututun roba irin na famfo ya riƙa shiga. Kifin da ya san yana da maɓoya ya fi fitowa fili.

Ƙin cin da yake yi ba ciwo ba ne. Maci nama ne, kuma da dare yake kiwo. Bayan ka kashe fitila, ka ajiye masa tana a bakin bututun, wadda aka haƙo daga ƙasar da ba a yi wa feshi ba, ko yankakken jatan lande ɗanye. Abin da ya rage da safe ka tsame. In ya saba, har daga yatsunka zai riƙa karɓa.

To ka ga inda gansakukar ta samo asali. Duk abincin da ka barbaɗa bai ci ba ya nutse tsakanin tsakuwa ya ruɓe, ya zama taki a cikin ɗan ruwa kaɗan, ga hasken rana daga taga. Gansakuka ba ta neman abin da ya wuce haka. Ka ɗauke akwatin daga taga, fitila kuma kada ta wuce awa 6 zuwa 8 a yini. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin saman yashin, ka mayar da sabo wanda aka cire wa kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo. Gilashin kuwa, goge shi da sabon soso da bai taɓa sabulu ba, ya wadatar. Soson na'urar tace ruwan akwatin kuma, a ruwan da ka zuƙo za ka ɗauraye shi, domin ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar kifin.

Akwai kuma taimako a tafkin bayan gari: kainuwa. Tana shanye takin da gansakuka ke rayuwa a kai, ta kuma yi inuwar da kifin ke so. Ka wanke saiwarta sosai, ka bar ta a bokiti daban na mako biyu saboda matsattsaku da ƙwari, kuma ka riƙa rage ta kada ta rufe saman ruwan gaba ɗaya.

Maganin gansakuka ba na ba da shawararsa a nan, domin wasunsu da sinadarin tagulla ake haɗa su, kifaye masu irin wannan fata kuwa ba sa jure shi. Mai lasar gilashin da aka fi sayarwa shi ma yana wuce santimita 30, kashinsa ya fi gansakukar da yake ci yawa, wani ma yakan maƙale a jikin kifin da ke kwance ya lashe masa yauƙi.

Sai murfi. Duk ramin da ɗan yatsa zai shiga, wannan kifi zai fita ta nan cikin dare, har ta gefen wayar na'urar tace ruwa, don haka ka toshe da soso. Ruwansa kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28. Daren hunturu a Kaduna yana sauko da ɗan ƙaramin akwati ƙasa da haka, sai ka sa hita mai kariyar roba don kada ya kwanta a jikinta ya ƙone, in an ɗauke wuta kuma ka lulluɓe akwatin da bargo.