Tun ranar suna mai aikina ta daina sakin jiki da ni

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Sakkwato, ina zaune a Arkilla da maigidana da yaranmu uku. Tun farkon 2023 wata dattijuwa daga Mabera take zuwar mini aiki Litinin, Laraba da Asabar: shara, goge-goge, wankin banɗaki da wanke-wanke. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Inna muke ce mata, don a haife ta haife ni. Albashinta naira 20,000 a wata, haka muka yi da ita tun ranar da ta fara.

Ko allura ban taɓa nema na rasa ba. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin kwanukan da ke rufe, Inna kan bi tagogi ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da na ce ta yi ba. Shi ya sa nake ɗan yi mata ihsani, yau 500, wani makon 1,000, wani lokaci kuma wata guda ya wuce ban tuna ba. Maigida ya ce zan saba mata, ranar da babu ta ga kamar na canza. Maƙwabciyata, wadda Inna ke yi wa aiki sauran ranakun, ta ce na ɓata musu ita.

Abin da ya hana ni barci shi ne na ranar sunan ɗan ƙanwata, da aka yi a gidana wata Asabar. Inna ta zo bayan sallar asuba, ba ta tafi ba sai bayan isha'i. Ita ta kankare manyan tukwane shida. Da za ta tafi, ga gajiya ga hayaniya, na zuba mata sauran shinkafa a roba, na haɗa da tsofaffin atamfofina biyu a leda, na miƙa mata a tsakar gida gaban mata, na ce, "Inna ga naki." Ta rissina ta karɓa, ta ce Allah ya raya. Ranar Litinin ba ta zo ba. Laraba ta zo ta ce bayanta ne ya riƙe. Tun daga nan aikinta kawai take yi, hirar da muke yi a kicin ta mutu.

Gwaggo, laifi na yi? Nawa ya kamata a riƙa ba mai aiki bayan albashinta, kuma yaushe? Ga azumi na matsowa, ba na son in sake kuskure.

Ɗiyarki daga Arkilla

Wa alaikumus salam ɗiyata,

Wadda ta rasa barci saboda shirun mai aikinta, zuciyarta na da rai, kuma don haka zan faɗa miki gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Eh, kin yi kuskure ranar sunan. Amma ba ƙarancin kyauta ne kuskuren ba. Kin ba da kyauta a wurin da ake bin ki bashi.

Yarjejeniyarku shara ce da wanke-wanken gida mai mutum biyar, na 'yan sa'o'i. Daga asuba zuwa isha'i, da tukwanen taro shida, wani aiki ne daban, kuma da kin ɗauko masu wanke-wanken biki da sai kun yi ciniki kafin su taɓa ko cokali. Inna ba ta yi ciniki da ke ba saboda kunya da ganin girman zaman da kuke yi. Ta tsaya tana jiran ki san ya kamata. Abin da ta samu shi ne robar shinkafa da kwancen zane, a gaban matan da wataƙila wasunsu sa'o'in 'ya'yanta ne. Ki sa kanki a matsayinta: kin yini a duƙe, hannuwanki sun yi fari saboda omo, sannan a sallame ki kamar wadda ta zo cin abincin suna. Ciwon bayan gaskiya ne, na yarda. Amma ba shi kaɗai ya kwantar da ita ba.

Yanzu mu zo ga albashin, don a nan ne babbar maganar take. Kwana uku a mako ya kama kwana 13 a wata. Ki raba 20,000, za ki ga abin da take samu a yini bai wuce 1,500 da 'yan kai ba. Daga ciki za ta hau Keke Napep ko kabu-kabu daga Mabera zuwa Arkilla ta dawo. Kun yanka wannan kuɗi ne kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai ta haura 1,000 a 2024, kuɗin mota da na kwanon gero da shinkafa suka bi ta. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 daga 30,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka ba wanda zai kai ki kotu. Amma ke ma'aikaciya ce, kin san dalilin da ya sa aka yi ƙarin, kuma kasuwar da kike zuwa ita Inna take zuwa. Ɗari biyar ɗin da kike miƙa mata jefi-jefi, ke kina ganin alheri ne, ita kuwa cikon kuɗin mota ne da ba ta san ranar zuwansa ba.

A cikin hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a ba ɗan ƙwadago ladarsa kafin guminsa ya bushe. Lada aka ce, wato haƙƙi. Sai an sauke shi sannan ake maganar ihsani.

Shi ihsanin ba shi da farashi a wurinmu. A Amurka ne ake lissafa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a ɗora wa mai kawo abinci a gidan cin abinci. Mu namu lokuta gare shi, kuma kowace mai aiki ta san su ko ba ta faɗa ba. Farkon azumi, a auna mata gero da sukari cikin abin da aka sayo wa gida. Ƙaramar Sallah, turmin atamfa sabo da kuɗin ɗinki, kuma a ba ta tun kafin goman ƙarshe, don tela ba ya karɓar ɗinki ana jajibiri. Idan da hali, a haɗa da goron Sallah ko da rabin albashinta ne. Babbar Sallah, kason naman layya mai kyau, ba ƙashi da kitse ba. Ranar da ta yi jinya, kada a yanke mata. In kin tsaya a kan waɗannan, kin fi mai ba da dubu yau ta manta gobe, kuma tsoron maigidanki ya kau, domin abin da ke da lokaci sananne ba ya sa mutum zuba ido kullum. Zakkar fid-da-kai ma za ki iya ba ta tunda mabuƙaciya ce mai marayu, sai dai kada ki lissafa ta cikin albashi ko a madadin kayan Sallah.

Kwance ba laifi ba ne, ɗiyata, mu duka mun ba da, mun kuma karɓa. A wanke shi, a goge, a ninke, a ba da shi a ɗaki, a wata rana da ba ta aikin wahala ba. Abinci kuma a zuba mata nata lokacin da ake zuba wa kowa, tun yana da zafi, kada a jira sai an kai ƙanzo.

Maƙwabciyarki kuwa, abin da ke tsakaninki da Inna ba nata ba ne. Ki daina faɗa mata abin da kika bayar. In ta sake cewa kin ɓata musu ita, ki tambaye ta cikin ruwan sanyi yaushe rabon da ta yi mata ƙari.

Ki zauna da maigida yau da dare, ki nuna masa lissafin kwana 13 ɗin nan, ku tsayar da sabon albashi gwargwadon ƙarfinku, da kuɗin mota a ware daban. Ranar Asabar in Inna ta zo, kafin ta ɗauki tsintsiya, ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ba ta wurin zama. Ki sa kuɗin aikin suna a ambulan, kada ya gaza ladan kwana uku. Ki ce mata, "Inna, wannan haƙƙinki ne na ranar suna, na yi jinkiri, ki yafe mini. Daga wannan watan kuma ga abin da albashinki ya koma." Za ta ce ba komai, wataƙila ma ta tura miki ambulan ɗin. Ki mayar mata a hannu, ki riƙe hannun har sai ta karɓa.

Gwaggonku