Kafin ka manna katako na farko a jikin Endeavour

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara aikin haɗa ƙananan jiragen katako da samfurin Endeavour, jirgin ruwan tsere, kana tambaya ko ka ɗauki ma'aunin 1:35 ko 1:80 (wato a rage girman na gaske sau 35 ko sau 80), da kuma inda wahalar take. Na haɗa shi sau biyu, na farkon yana nan a bayan kabad inda baƙo ba zai gani ba.

Batun ma'auni ba shi da tsawo. Jirgin na gaske, wanda kamfanin Camper & Nicholsons ya ƙera wa Thomas Sopwith a Gosport ta Ingila a 1934, tsawonsa ya kusa mita 40. A 1:35 zai ba ka fiye da mita ɗaya, sandar tsakiyarsa kuma ta fi jikin tsawo. A 1:80 wajen rabin mita ne. In kana da wurin ajiya, ɗauki babban. Ƙarami ba shi ne mai sauƙi ba, yatsu da ido ne ke shan wuya.

Wahalar tana jikin jirgin. Endeavour da ƙarfe aka yi shi, aka shafe shi da shuɗi mai duhu mai ƙyalli. Fenti irin wannan ba ya rufa wa kowa asiri. Duk tudu ko kwarin da ka bari, haske zai nuna shi daga bakin ƙofa. Kuma tudun nan tun daga haƙarƙari yake farawa, wato allunan da ake tsayarwa a kan ƙashin bayan jirgi. Gefensu a miƙe yake zuwa, alhali jikin jirgi lanƙwashe yake, musamman wajen goshi da wutsiya. Sai ka liƙa samfefa a jikin dogon katako mai ɗan lanƙwasuwa, ka riƙa gogar haƙarƙari uku ko huɗu a tare. Bayan 'yan mintuna ka ɗora siririn katako ka duba: ya kwanta luf a kan kowanne? In wani ya ɗaga shi, rage. In wani ya bar rata, manna masa ɗan ɓallin katako ka sake gogewa. A jirgina na farko yamma ɗaya na ba wannan aikin, don ina zumuɗin ganin siffa ta fito. Foti na yi ta cusawa daga baya, har jirgin ya yi kumatu a gefe guda. Na biyun ya ci mini kusan mako biyu a nan kaɗai.

Wajen jera katakan jiki, jiƙa su a ruwan zafi, ka lanƙwasa da dutsen guga, ka bari su bushe a mazauninsu kafin gam ya taɓa su, domin jiƙaƙƙen katako yana tsukewa ya bar tsaga. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In ka gama gefe guda tukuna, zai ja ƙashin bayan ya karkace, kuma babu gyara. Kowane katako a fiƙe shi wajen goshi, tunda wurin ya fi tsakiya matsi. Farin gam na kafintoci nake so, yana ba da lokacin gyara zama. Mai kamawa nan take sai ƙananan ƙarafa.

Dandamalin sama kuwa daɗi gare shi. Goga fensir a gefen kowane katako kafin ka manna, zai fito da baƙin layi tsakanin katakan kamar na jirgin gaske.

Igiyoyi kada su tsorata ka, irin waɗannan jiragen tsere sanda ɗaya gare su. Lissafi kawai za ka kiyaye: zare mai kaurin milimita 1 a 1:35 igiya ce mai santimita 3.5, saboda haka yawanci sirara za ka nema. Ja kowanne ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta.

Idan ka tsayar da haƙarƙarin, ɗauki hotonsa daga goshi da kuma daga sama ka turo mu duba kafin ka buɗe gam.