Tambayi Tanti: Inna ta ce roman na lalata ɗiya mace

Salamu alaikum Tanti, ina gajiya ina ɗawainiya. Ni ɗaliba ce a lise nan Tawa, bana muna ajin bak. Mushenmu na Faransanci ya ba mu Madame Bovary mu karanta, to Inna ta gan ni dare biyu ina haska shi da tocilar waya, da na ba ta labarin sama-sama sai ta ce in aje shi tun muna mu biyu, wai irin waɗanga littattafai su ka sa ɗiya mace raina miji talaka. Ni kuwa wallahi tausan Emma nike ji. Tanti wa ke da gaskiya tsakanina da ita?
Ɗiyarki daga Tawa

Ɗiyata ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ita da Flaubert, marubucin littafin, bakinsu ɗaya ba ta sani ba. Ai abin da littafin ke faɗa ke nan tun farko, Emma ɗiyar manomi ce da aka kai makarantar kwana ta ƴan coci, can ta ƙoshi da labaran soyayya na jarumai da gidajen sarauta, sai ta fito aka ɗaura mata aure da Charles, ƙaramin likitan ƙauye wanda ko cikakken dokta bai kai ba, kamar dai majo ɗin nan namu na asibitin gari. Mutumin kirki, yana sonta kamar ransa, amma in ya ci tuwon dare sai minshari. Sau ɗaya tak aka gayyace su biki gidan wani basarake ta ga yadda manya ke rawa da cin abinci, shi ke nan gidanta ya fita ranta har abada. Kuma ba Inna ce ta fara jin tsoron littafin ba, a 1857 gwamnatin Faransa ta gurfanar da Flaubert kotu a Paris wai yana ɓata tarbiyya, aka wanke shi, shari'ar ma ta zame masa talla.

Amma ni abin da nake so ki lura da shi, wanda ɗalibai ke tsallakewa don suna gaggawar zuwa wurin samarin, shi ne mai kanti. Lheureux. Ki koma ki bi shi shafi-shafi. Da farko bai taɓa matsa mata ba, zai zo da ƴan gyaluluwa da yadi ya baza a gabanta cikin ladabi ya ce ba komai madam, ba sai yau ba, a hankali ta fara sa hannu a takardun bashi, takarda ta haifi takarda, har ta lallaɓi mijin ya ba ta izinin sa hannu a madadinsa. Ranar da abin ya fashe faran 8,000 ake binta, aka zo aka rubuta kayan ɗakinta za a yi gwanjonsu, ta bi samari biyun da ta yi soyayya da su a bayan idon mijinta tana roƙo babu wanda ya fidda ta, sannan ta sha guba. To ki faɗa mini, so ne ya kashe ta ko bashi?

Na taɓa zama gida ɗaya da wata nan Yamai, Allah ya rufa mana asiri, duk Juma'a dillaliya na shigo mata da buhu, ta zazzage a kan tabarma, shadda, leshi, turaren wuta, ta lashi yatsa ta buɗe wani ƙaramin kaye mai maiƙo a bango ta rubuta, babu ciniki babu faɗa sai dariya da shan ruwan sanyi. Kowane biki da sabon anko. Mijin bai san komai ba sai ranar da aka zo ɗaukar firiji da kujerun salo, yara na tsaye bakin ƙofa suna kallo. Ba ta taɓa karanta roman ko ɗaya ba ita, hotunan bikin mutane a waya sun ishe ta.

Ki ji tausayin Emma, ba laifi, ni ma ina ji, mace ce mai kai da aka kulle inda ba ta da aiki ba ta da sana'a ba ta da inda za ta. Amma ki rage kaɗan ki ba Berthe, ɗiyarta, da ta ƙare marainiya hannun wata ƴar uwarsu matalauciya aka tura ta aiki masana'antar zaren auduga. Wannan wurin ki karanta wa Inna da Hausa, na san za ta ce ki ƙarasa littafin.

Tanti barka da aiki. Ni malamin lakwal ne ɗan kwantiragi a Yamai, iyayena maƙera ne daga Adar. Shekara biyu muna tare da wata yarinya, da na aika manya babanta ya ce a ba shi lokaci ya binciki asali, yau wata biyar shiru. Wani abokina a fada ya ce in karanta Le Rouge et le Noir in koyi yadda talaka ke shiga gidan manya. Ya kika gani?
Ɗanki daga Yamai

Ɗana, abokin nan naka bai kai ƙarshen littafin ba, in ka koma fada ka tambaye shi ina kan Julien Sorel ya ƙare. Fille shi aka yi. Stendhal ya fitar da littafin a 1830, Julien ɗan mai injin tsaga katako ne, ga ƙwaƙwalwa, ya haddace Sabon Alkawari da Latin, da haka ya samu koyar da ƴaƴan magajin garinsu ya kuma nemi matar gidan, daga nan ya zama sakataren wani babban basarake a Paris har ɗiyar gidan Mathilde ta ɗauki cikinsa. Uban ya haƙura ya samar masa suna da muƙamin soja, saura ƙiris, sai ga wasiƙa daga matar magajin garin ta tona shi, ya koma ya harbe ta cikin coci. Ba ta mutu ba amma shi aka yanke masa hukuncin kisa. Abin da ke damuna da Julien, ko hannun mace zai riƙe sai ya mai da abin yaƙi, so yake ya rama rainin da aka yi wa gidansu. Kai ka tambayi zuciyarka tsakani da Allah, yarinyar kake so har yanzu ko kuwa wata biyar ɗin nan sun mai da abin sai na nuna musu.

Littafin da ya fi kusa da ciwonka na Mariama Bâ ne ƴar Senegal, Une si longue lettre, 1979. Kowa Ramatoulaye mai rubuta wasiƙar yake tunawa da takabarta da mijin da ya auro ƙawar ɗiyarsa bayan ƴaƴa 12, amma kai ƙawarta Aïssatou za ka bi, ɗiyar maƙerin zinariya da ta auri likita ɗan gidan sarauta. An yi auren fa, soyayya ta ci, sai dai uwar mijin ba ta taɓa yafewa ba, ta je can dangi ta ɗauko ƙaramar yarinya ta rene ta da hannunta shekara da shekaru ta ce ga matarka ta jininmu, shi kuma ya kasa ce wa uwarsa a'a. Aïssatou ta bar masa takarda ta kwashe ƴaƴanta maza 4 ta tafi, ta yi karatu ta samu aiki ofishin jakadancinsu a Amurka, har ita ce ta sai wa Ramatoulaye mota daga baya. Na fara karanta shi lokacin da yayata ke takaba, ina zaune gefenta ina fassara mata, da na kai wurin uwar mijin nan sai ta ce dakata, ta kira sunan wata tsohuwa a danginmu, muka yi dariya har aka leƙo daga waje aka ce mu ji tsoron Allah gidan makoki ne.

Nufina ko baban ya amince gobe, sai ka san su wa ke bayansa, gwaggwanni da kakanni, kuma ka san ko ita yarinyar za ta iya tsayawa ranar da aka yi mata gori a gidan suna. Littafi ba zai juya ran tsoho ba. Ka sake tura kawunka tare da limamin unguwarsu su nemi amsa, e ko a'a, kada a bar ka rataye. Kuma kada ka kuskura ka ɓoye sana'ar gidanku, hauyar da kakan yarinyar ya yi noma da ita wa ya ƙera ta?

Tanti ku kullum littattafan Nasara, mu ba mu da namu ne? Kuma wanne zan sai wa ɗiyata da za ta aure bayan Salla?
Wani uba daga Tawa

Muna da su Alhaji. Tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi a Zariya, mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa shi kuma ya ƙare rayuwarsa wajen neman ramuwa. Akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, ɗan kasuwar da ya kori matarsa da ƴaƴa 9 saboda sabuwar amarya, wannan ku maza ya kamata ku karanta. A Faransanci akwai Sous l'orage na Seydou Badian ɗan Mali, uba na son ba da Kany ga attajiri ita kuma ɗan lakwal take so.

Amma amarya ni Orgueil et Préjugés zan ba ta, na Jane Austen ƴar Ingila, 1813, don a nan ne ake lissafin aure a fili ba kunya, da saurayi ya shigo gari kafin a san halinsa an san kuɗinsa, wannan fam 5,000 a shekara wancan 10,000. Ƴan mata 5 a gida ba namiji, kuma ƙa'idar gadon gidan ta ce in uban ya mutu wani ɗan uwa namiji ne zai ɗauke gida da gona, shi ya sa uwar ta zama kamar mai taɓin hankali wajen neman musu miji, ana mata dariya amma ni na fahimce ta. Da a nan ne shari'a ta ba ƴaƴa matan kashi biyu cikin uku, uwar ta ɗauki tumuni, da rabin littafin bai rubutu ba. Amaryar ta lura da Charlotte, ƙawar ɗaya daga cikin ƴan matan, mai shekara 27, da ta auri mutumin da ba ta so ido buɗe don ta samu ɗakin kanta, ta kuma tsara gidan yadda ba za su cika haɗuwa da rana ba.

In ka aiko Yamai a duba wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa, sai dai wanda ka aika ya buɗe bayan littafin ya tabbatar shafukan ƙarshe na nan, nawa na farko da na saya wajensu babi biyu sun tafi wajen mai ƙosai.